Tambulan a Kan Cibiyar Munevera

Jasenik, farkon Fabrairu

'Yata Mevlida,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da yaran, da aikin asibitin nan da ya hana ki zuwa ganinmu. Mu nan sai godiya. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar gangare, gwiwata tana ta tsiyarta, kunnena kuwa kin san shi, injin yankan katako ya cinye rabonsa tuntuni. Kada ki ƙara cewa in yi waya. Ke ki yi ihu a Linz can ƙetare, ni in yi ihu a nan, duk ƙauye ya ji sirrinmu ban da ni. Kakanki da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, ke kaɗai kika rage mini a dangin uwa, don haka ki yi haƙuri da rubutun tsoho.

Innarki Munevera ce ba ta jin daɗi. Tari ya kama ta tun bayan sabuwar shekara, irin wanda idan ta fara sai ta dafa bango. Ƙwayoyin zuciyarta dai tana sha, har da ƙaramar nan ta tsinka jini, ni nake tsayawa a kanta.

Jiya da safe muka yi ta da ita. Na leƙa na gan ta a wurin kaji ba riga mai kauri, ba komai. Na daka mata tsawa, na ce, "Ke tsohuwa, kajin ne za su yi miki sallar gawa?" Ta ce, "Rufe bakinka, kurma, ka tashi maƙwabta." Tana shigowa tari ya sarƙe ta, sai ta yi ƙara ta durƙusa riƙe da ciki. Da na kwantar da ita muka ji wani kullutu ƙasa da cibiya, ta hagu, kamar ƙwan agwagwa.

To, wannan ai ba sai an tambayi likita ba. Struna ce, cikinta ne ya sauka daga mazauninsa, kamar yadda ya yi wa mahaifiyarki lokacin da ta ɗaga buhun masara. Na tsallaka na kira maƙwabciyarmu Hajrija. Ta haura tamanin, amma yatsunta har yanzu kamar na maƙeri. Ta shafa mai, ta yi ta murza cikin tana jawo shi sama, Munevera tana cizon zane. Sannan ta ɗora ɓawon burodi a cibiya, ta dasa guntun kyandir ta kunna, ta kife tambulan ɗinta a kai har fata ta tsotsu, ta ɗaure cikin da ɗankwali. Ta ce safiya uku za a yi, kafin a ci komai. Yau an yi ta biyu, saura gobe. Zafin bai ragu ba, amma Hajrija ta ce haka yake yi kafin ya koma wurinsa.

Na san za ki yi mana dariyar mutanen birni. Yi abinki. Idan kin samu mai zuwa, ki aiko da man gwiwar nan mai warin kafur. Ban gaya wa Nermin ba. Kin san ɗan nata, tun da na auri uwarsa bayan yaƙi bai taɓa kirana da komai ba sai sunana tsirara, ba na son ya taso daga Suwidin a kan tari.

Kawunki,
Sakib

Linz, tsakiyar Fabrairu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ban yi dariya ba, Kawu. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, da na karanta ta a tsaye na karanta.

Na buga wayar gidanku ba adadi, ba wanda ya ɗauka. Na kira Zijad mai shagon gahawa na ƙauyenku, ya ce motar asibiti ta tafi da Inna tun kwanaki, tana da rai. Alhamdu lillahi. Ban san wane ɗaki take ba, ban san me aka gano ba, don haka ga abin da nake tsoro, ka kai wa likitanta yadda na rubuta.

A sashen gaggawa da nake aiki muna ganin irin wannan duk lokacin sanyi. Tari mai ƙarfi yana iya tsinka wata jijiyar jini a cikin tsokar bangon ciki. Ga mai lafiya, jinin zai tsaya da kansa. Ga mai shan maganin tsinka jini ba ya tsayawa, sai ya yi ta taruwa a cikin tsokar, shi ne kullutun da kuka ji. Ciki bai sauka ko'ina ba. Murza irin wannan wuri kuwa, da tsotsar tambulan, buɗe wa jinin hanya ne. Ka gaya musu sunan ƙwayar, ka gaya musu tarin, ka gaya musu abin da Inna Hajrija ta yi, duka.

Akwai kuma wata magana, ka yafe mini tun kafin ka karanta. Da na tambayi Zijad me ya sami Inna, sai ya rage murya ya ce, "Wannan kuma ki tambayi kawunki, shi ya san abin da ya yi." Ya ajiye waya. Na koma kan wasiƙarka, na tsaya a wurin da ka ce kun yi ta da ita a safiyar nan, na karanta shi har na haddace. Na san ka, a kafaɗarka na fara tsinkar tuffa. Amma aikina ya koya mini in yi tambaya ko da ba na son jin amsa. Kawu, ban da tsawa, akwai wani abu?

Ka rubuto da wuri, don Allah.

'Yarka,
Mevlida

Jasenik, ƙarshen Fabrairu

Mevlida,

Salam. Ina lafiya, tunda ana kiran wannan lafiya. Munevera tana babban asibitin birni, ta fara zama, ta fara shan miya, ta ce gishiri bai ji ba, kin ga ta dawo ke nan.

Ba a yi safiya ta uku ba. Na je tashinta na same ta fari fat, gumi mai sanyi yana zuba, ta miƙe za ta kama ruwa ta zube a hannuna. Da na kwance ɗankwalin, Mevlida, ban gane cikin matata ba. Kullutun ya zama kamar ƙaramar kabewa, kewayen cibiya baƙi ƙirin, har ya gangara gefe. Maƙwabta suka haƙa wa motar asibiti hanya da shebur. Kafin a ɗauke ta ta jawo kunnena mai ɗan ji ta ce, "Ka rantse ba za ka ambaci Hajrija ba. 'Yan sanda za su kira mata." Na rantse. Kin san a shekarar yunwar nan ta yaƙi Hajrija ce take raba burodinta biyu ta kai wa Munevera da Nermin a ƙarƙashin riga.

A ɗakin gaggawa wata likita ce ta karɓe mu, yarinya, ba ta kai ki ba, amma ta san aikinta. Abu na farko da ta tambaya shi ne ƙwayoyi, Allah ya sa na zo da su a aljihu. Ta danna wurin ta ce wa Munevera ta ɗago kanta daga filo. Tana ɗagowa ta yi ihu, kullutun kuma ya ƙara fitowa fili. Likitar ta ce ciwon a bango yake, ba a hanji ba. Suka goga mata na'urar hoton ciki, suka tura ta cikin babban injin nan mai kama da rami, suka nuna mini jini kwance a tsoka. Aka yi mata allurar da ke karya ƙarfin ƙwayar, aka ƙara mata jini. Da aka ga bai tsaya ba, washegari suka zura wani siririn bututu ta matsematsinta har wurin da jijiyar ta tsinke, suka toshe ta daga ciki. Ba su yanka ta ba. Duk abin da kika rubuta haka yake, sai dai ya iso bayan an gama.

Amma ban da baƙin nan, akwai sawun yatsu a cikinta, jere, ko makaho zai ƙirga. Likitar ta dube ni ta yi magana, ban ji ba, na ce "Me?" da muryata da kika sani, sai na ga nas ta ja da baya. Suka fitar da ni waje. Suka tambayi Munevera yatsun wa ne. Ta ce musu faɗuwa ta yi. Suka fito suka tambaye ni, na ce ban sani ba.

Wata 'yar ƙauyenmu tana shara a asibitin. Kafin in dawo gida labari ya riga ni. Maƙwabta kuma sun ji tsawar safiyar nan, dama kullum suna ji. Na shiga shagon Zijad shan gahawa, mutanen da na yanka wa katakon rufin ɗakinsu suka juya kujeru. Ranar Juma'a aka bar mini fili dama da hagu a sahu kamar mai ƙazuwa. Hajrija ba ta nan, 'yarta ta zo ta tafi da ita birnin Zenica tun a makon da abin ya faru, sai sanyi ya wuce. Wani ya kira Nermin. Ya aiko cewa da zarar an sallame ta zai zo ya tafi da uwarsa Suwidin, ba za ta ƙara kwana rufi ɗaya da ni ba. Ita ba ta san komai ba, ba kuwa zan gaya wa mai jinya ba.

Duk wannan na shanye. Tambayarki ce ta tsaya mini a wuya. Na karanta ta na fita na yi ta faskare har hannuna ya fashe. Ban da tsawa babu komai, Mevlida. Na binne mace ɗaya da 'ya'ya biyu kafin Allah ya ba ni wannan, da me zan ɗaga mata hannu? Idan ta tafi ban san wa zan yi wa tsawa a gidan nan ba.

Na rantse ba zan faɗa wa mutanen nan ba. Ke tun kafin rantsuwar kika sani. Ki riƙe bakinki.

Sakib

Linz, farkon Maris

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon gafararka. Na yi kuka a ɗakin canza kaya har abokiyar aikina ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Na yarda da kai. Na ji kunyar kaina, amma ba zan yi maka ƙarya in ce ba zan sake yi wa wani wannan tambayar ba.

Ka saurare ni da kunnenka mai ɗan ji. "Faɗuwa na yi" ita ce maganar da kusan duk matar da aka daka take faɗa mana, da mijin tsaye a bakin ƙofa. Inna ta so ta rufa wa maƙwabciya asiri, sai ta ɗauko amsar da ta fi kowace muni ta rataya maka. Likitar ba ta zalunce ka ba, da ni ce a wurinta haka zan yi. Baƙin kewayen cibiya daga ciki ya fito, jinin ne ya biyo har fata, wannan ta sani. Yatsun ne ba ta da bayaninsu, ku biyu kuma kun hana ta.

Ban ga mai ɗaure tsohuwar da ta haura tamanin don ta shafa wa ƙawarta mai ba. Abin da nake tsoro daban ne. Tsofaffi nawa ne a Jasenik suke shan irin ƙwayar Inna? Idan Inna Hajrija ta dawo ba wanda ya gaya mata, tambulan ɗin zai hau cibiyar wani, shi kuma wataƙila hanya ba za ta haƙu da wuri ba.

Ba zan kira Nermin a bayan idonka ba, ko da yake na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Rantsuwar ta Inna ce, ita kaɗai za ta kwance ta. Ka gaya mata abin da ake cewa a ƙauye. Ba gilashi ba ce, ta ga abin da ya fi wannan.

Idan an sallame ta, kada ta ɗaga ko butar shayi. A magance tarin sosai, kada ta koma kan ƙwayar sai yadda likita ya tsara, a riƙa gwada jininta. Kullutun zai daɗe kafin ya narke, kada kowa ya taɓa shi. Ga man gwiwar na ba direban bas, yana wurin Zijad. Ka shiga ka karɓa da kanka, ka kuma zauna ka sha gahawarka.

'Yarka mai laifi,
Mevlida

Linz, ƙarshen Maris

Kawu,

Shiru har yanzu. Wayar gida ba a ɗauka, Zijad ya ce Nermin ya iso da motar haya, bai san komai bayan haka ba. Idan fushi kake yi da ni, ka rubuto ka zage ni, zan karɓa. Layi ɗaya ya isa. Inna tana nan ko ta tafi?

Mevlida

Jasenik, Afrilu

Mevlida 'yar albarka,

Innarki ce, Munevera. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi, a kan faranti. Jiki alhamdu lillahi, kullutun ya koma kamar goro, tari ya tafi. Kawunki ba fushi yake ba. Ya zauna zai rubuto miki ya fi sau nawa, sai ya tashi ya tafi wurin itatuwansa.

Bai gaya mini ba, kin ji. Wasiƙarki ta ce ya gaya mini, shi kuwa jakin nan ya ninke ta ya sa a aljihu. Nermin ya ɗauko ni daga asibiti yana ta cewa, "Mama, ki zo ki huta a wurina, can akwai likitoci." Na ce to, in ga jikoki wata ɗaya in dawo. Na lura ba ya kallon Sakib, amma yaushe ya taɓa kallonsa? Sakib da kansa ya sauko mini da akwati daga saman kabad, ya goge ƙurarta, ya sa mini safar ulu a ciki. 

Ana gobe za mu tafi mata suka cika ɗaki, kowa da ƙullin gahawa da sukarinta. Sai kallona suke da idon tausayi, wata tana shafa mini hannu tana cewa, "Kin yi haƙuri, 'yar'uwa, Allah ya fitar da ke." Na ce a raina, daga asibiti dai na fito, ba daga kurkuku ba. Sakib ya ɗauki almakashinsa ya fita datse rassan tuffa.

Sai ga Hajrija, jiya-jiya ta dawo daga Zenica, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara faɗa. "Ina take? Ku matsa. Na gaya wa kurman nan safiya uku ake yi, aka yi biyu aka kwashe ta aka kai wa yara masu farar riga, ga shi nan sun mayar da ita kamar tsinke. Kwanta, Munevera." Ta zaro tambulan daga aljihun siket, da kwalbar mai, da kyandir.

Nermin ya ce, "Inna Hajrija, safiya biyu na me?"

Ta ce, "Na struna mana, ɗan nan. Da yatsun nan na murza ta, har sai da suka yi mini tsami. Kai ma na yi maka kana ɗan mitsitsi, ka yi mini fitsari a cinya."

 Na ga fuskar ɗana ta canza, na ga matan suna kallon ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Wai me ke faruwa a gidana?" Matar Zijad ce ta fashe da kuka ta faɗa mini abin da ake cewa tun Fabrairu. Mevlida, wanda ya yi wata biyu yana hawa bas cikin ƙanƙara da miya a kwano, shi ake cewa ya dake ni. Zafin da na ji ya fi na ranar da jijiyar ta tsinke.

Sauran aikin ya fi wuya. Na zaunar da Hajrija a gefen gado, na riƙe hannuwanta, na gaya mata abin da likita ta gani, da ƙwayar, da jinin. Ta daɗe tana kallon yatsunta. Ta ce, "Ni na kusa kashe ki?" Na ce, "Tari ne ya fara, ke kin zo taimako, kamar kullum." Ba ta yarda ba, ni ma na san rabin gaskiya na faɗa. Ta ajiye tambulan a kan tebur ta ce duk mai shan ƙwayar nan kada ya ƙara zuwa ƙofarta, wanda ba ta sani ba ma sai ya fara zuwa asibiti. Ina zuwa wurinta kullum da rana yanzu, a hankali, da sanda. Ba ta cika magana ba. Likitar ma na aika mata da gaskiyar ta bakin Nermin.

Shi kuwa Nermin, a ranar nan ya fita lambu ba hula. Na sa aka buɗe mini taga. Sakib yana kan tsani, ya ba shi baya. Nermin ya yi magana a hankali, irin ta masu jin kunya. Sakib ya ce, "Me?" Ya ƙara. Sakib ya ce, "Ɗaga murya, yaro, ka san kunnena." Sai ɗana, mai digiri, mai furfura a gemu, ya tsaya a tsakiyar lambu ya buɗe maƙogwaro: "Baba, ka yafe mini! Na zalunce ka!" Karnuka suka ɗauka, masu gahawa suka fito ƙofar shagon Zijad, har liman ya leƙo ta katanga.

Sakib ya sa hannu a bayan kunne ya ce, "Me ka kira ni?"

Sai da ya sa shi ya maimaita. Ni na san tsohona, iska daga wajen Nermin take kaɗawa, kuma kunnen mai ji ne yake wajensa. Tun na farko ya ji.

Nermin ya koma shi kaɗai, zai kawo yara da bazara. Akwatin tana saman kabad. Jiya na fita wurin kaji ba riga mai kauri, da gangan, kawunki ya daka tsawar da sai da tantabaru suka tashi daga rufin masallaci. Na tsaya na saurare shi har ya gama.

Ki zo lokacin tuffa. Ya ce in gaya miki man gwiwar ba ya aiki, ki aiko da wani.

Innarki,
Munevera